Kowa Ya Duba Tasa

Likitan ɗana ya ce zai kira kafin sha biyu. In an samu gurbi a ɗakin tiyata, matar ɗana, surukata, ce za ta amsa ta ce a yi. In ba a same ta ba, gurbin ya koma ga na bayansa, mu kuma mu jira wata uku da ciwon da ba ya jira. Lambar surukata kaɗai ke hannun likitan. Shi ya sa muka cusa kanmu cikin bas ɗin asibiti duk da ba wurin zama, muna tsaye kafaɗa da kafaɗa da mutane, wayar na aljihun gefen rigarta.

Mun wuce tasha biyu sai wani mai jar hula ya kurma ihu daga tsakiyar mota.

"Wayata! Jama'a, an zare min waya! Kowa ya duba tasa!"

Kowa kuwa ya duba. Hannaye suka tafi aljihu, jaka, ƙirji. Haka aka koya mana tun muna yara: ka ji an ce ɓarawo, taɓa kayanka. Ban taɓa jin wanda ya tambayi wa ke kallonka sa'ad da kake taɓawa ba. Ni dai mai ihun na kalla. Ko aljihunsa bai laluba ba, idonsa na bin hannayen mutane. Wani dogo a bakin ƙofa shi ma aikin ke nan.

Surukata ta riga ta dafa aljihunta.

"Tana nan, Mama," ta ce, har da murmushi.

"Ai kin gaya musu inda take. Matso jikina."

Dogon ya fara kutsowa ta bayanmu, yana ba mutane haƙuri. Mai jar hula ya tsaya a gabanmu ya marairaice.

"Baiwar Allah, taimaka ki ara min taki in kira lambata, ko za ta yi ƙara a jikin ɓarawon."

Yarinyar nan tausayi ne zai kashe ta. Hannunta ya kama hanyar aljihu, na damƙe shi.

"Faɗi lambar da ƙarfi," na ce masa. "Mun fi mutum talatin a motar nan, wani zai kira."

"Haba Mama, ba ki yarda da ni ba?"

"Ɗan nan, ko mai cire min haƙori ban yarda da shi ba, kuma shi na san sunansa."

Wata mata ta yi dariya. Shi bai yi ba, lambar ma bai faɗa ba. Direba ya fara rage gudu, ƙofa ta buɗe tun kafin a tsaya, numfashin dogon na sauka a ƙeyata.

A daidai nan wayar ta ɗau ƙara.

"Mama, likita ne!"

"Kar ki fito da ita."

"Zai katse!"

Taku uku ne tsakaninmu da ƙofa. Fizga ɗaya, tsalle ɗaya, shi ke nan. Wayar ta yi ƙara ta biyu, ta uku.

"Durƙusa!" na ce.

Na danna kafaɗarta ƙasa, ta faɗa lungun da ke tsakanin ƙafafuna da kujera. Na warware mayafina na lulluɓe ta, na riƙe ƙarfen kujerar da hannu biyu, na ba su baya. Wani hannu ya biyo ta haƙarƙarina yana neman hanya. Na matse shi da gwiwar hannu iya ƙarfin tsufana.

"Direba, rufe ƙofa! Ga hannunsa nan a jikina!"

Ya fizge, har ƙafata ta goce. Kafin ƙofar ta haɗe sun dira su biyu, suna ture masu hawa.

Ƙarar wayar ta ɗauke, kuma ban san ko surukata ce ta ɗaga ko can aka gaji ba. Na sunkuya.

Daga ƙarƙashin mayafin muryarta ta fito.

"Eh, likita, ni ce matarsa. A yi. Don Allah a yi, ga mu nan a hanya."