Motar da Yaya Ba Ta Ji Zuwanta Ba

Shekara da shekaru Auta yana tuƙa motar gidan burodi, kuma yayarsa ba ta taɓa kasa gane ƙararta ba. Yaya makauniya ce, ciwon ido ya tafi da ganinta tun tana budurwa. A haka ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, shi ya sa da ya yi aure ya gina mata ɗaki a gidansa, kusa da babbar ƙofa. Furfura ta fara fito masa, amma Auta take kiransa, unguwa ma ta ɗauka.

Tsohuwar motar mai shan dizal ce. Tun daga kwanar masu walda ake jin ruguginta. Da Yaya ta ji, sai ta lalubo sandarta ta fito, ta zare sakata, ta ja ƙyauren ƙarfen ta tokare shi da dutse, ta koma gefe ta jingina da bango har motar ta shige. Wannan aikinta ne, ba ta yarda kowa ya taɓa mata.

"Sannu da zuwa ku biyu," takan ce. "Yau wa ya fi wani tari, kai ko ita?"

Wasa take yi, amma tarin na gaske ne. Hayaƙi yana shigowa gaban motar ta ƙarƙashin kujera, Auta yana shaƙa tun safe har la'asar. Likita ya gaya masa ƙirjinsa ya gaji, ya nemi wata sana'a. Bai iya wata ba.

Ana cikin haka gidan burodin ya sauya motocinsa da masu lantarki. Ranar da aka miƙa masa mukulli, bakaniken wurin, wanda suke kira Gwani, ya zagaya da shi.

"Ba dizal, ba baƙin mai, ba salansa," in ji Gwani. "Batir ne shimfiɗe a ƙarƙashinta, sai injin lantarki mai juya taya. Rabin abin da ke kawo ka wurina ya ƙare. Amma ka sani, ba a cika ta nan take kamar tankin mai. In ta ji yunwa, sai ka zauna ka jira ta ƙoshi."

Auta ya ji daɗinta fiye da yadda ya zata. Da ya taka take tashi, ko da kaya ta hau tudun asibiti ba ta nishi. Rigarsa ta daina warin hayaƙi. Kafin damina ta fita, tarin ya ragu har matarsa ta ce yanzu ne ta san yana da murya. Sai dai shagunan ƙetaren gada sun fita daga hannunsa, don batirin ba ya kai shi can ya dawo. Ranar da aka ɗauke wuta kuwa, motar takan wuni a rumfa kamar wadda ta yi fushi.

Yaya ce kaɗai ba ta saba da ita ba. Ranar farko sai dai ta ji muryar Auta a tsakar gida.

"Kai da wa kuka shigo? Ina motar?"

"Ga ta nan a gabanki, Yaya."

Ta miƙa hannu ta shafa gefenta. Can ta ce, "Wannan ai ɓarauniya ce. Abin da zai shigo gidan mutane ba sallama."

Suka shirya cewa zai riƙa danna mata ham daga kwanar masu walda. Haka aka yi ta yi, ta koma bakin aikinta.

Wata rana batirin ya yi ƙasa tun azahar, saboda caji bai cika ba, dole Auta ya katse zagaye ya nufo gida da wuri. Maƙwabcinsu yana kwance ba lafiya, iyalinsa sun roƙi a rage hayaniya a layin, don haka da ya iso kwanar ya ɗaga hannu zai danna ham, sai ya fasa. Daga nesa ya hango ƙofar a buɗe, masu kawo ruwa sun fita ba su rufe ba. Ya ce a ransa ya hutar da Yaya. Ya juya motar zai shiga da baya, don wurin cajin yana jikin bangon ciki.

Yaya kuwa ta ji iska tana shigowa ta ƙofa, ta san a buɗe take, ta fito ta rufe. Ta sunkuya tana ture dutsen da aka tokare ƙyauren da shi. Madubi bai nuna ta ba. Ita kuma ba abin da ta ji.

Auta ya ji motar ta daki wani abu mai taushi, sannan ƙarar sanda ta faɗi a siminti. Ya taka birki ya diro. Tana kwance a gefe, ƙafarta ɗaya ta juye yadda ƙafa ba ta juyawa.

"Wane ne?" take tambaya. "Wane ne ya ture ni?"

Auta ya durƙusa kusa da ita. Matarsa ce ta fito da gudu tana salati, ta ɗora kan Yaya a cinyarta.

A asibiti aka ce ƙashin ƙugu ya karye, sai an yi aiki. Aka yi, aka ce za ta tashi, amma a shekarunta kada a sa rai za ta koma tafiya kamar da. Auta ya mayar da mukulli gidan burodi ya ce a nemi wani direba. Kullum yana bakin gadonta, yana ba ta ruwa, yana gyara mata matashi, ba ya magana sai an tambaye shi.

Wata la'asar Yaya ta ce, "Amarya, ba mu wuri." Haka take kiran matarsa har yanzu, ko da 'ya'yansu sun girma sun bar gida. Matar ta fita ta ja labule.

"Auta, yaushe rabonka da aiki?"

"Na ajiye, Yaya."

"Ka koma me?"

"Akwai mai tsohuwar mota irin waccan mai shan dizal, yana neman direba."

Ta juyo da fuskarta wajen muryarsa. "Wato ni na rasa ƙugu, kai kuma ka je ka ƙarasa ƙirjinka. Sai Amarya ta yi jinyar mutum biyu. Wannan ne hankalin?"

"Ni na taka ki," in ji shi. "Da hannuna na fasa danna ham ɗin."

"Na sani. Na yi fushi kuma, kada ka zaci ban yi ba. Kwanakin farko ko jin numfashinka ba na so. Amma na yi ta juya abin, ban ga inda mugunta ta shigo ba. Ka tausaya wa mara lafiya, ni na fita rufe ƙofa, motar kuma ba ta da baki. To a yi mata baki. Ba ni kaɗai ce marar ido a garin nan ba, ga yara, ga tsofaffi."

Ya sunkuyar da kai a bakin gadon ya yi kukan da ya riƙe tun ranar. Ta lalubo ƙeyarsa ta dafa, ba ta hana shi ba.

Washegari ya je wurin Gwani. Bakaniken bai yi masa dogon jaje ba. Ya ce shi ma abin ya hana shi sukuni, har ya samo wata 'yar na'ura mai ƙara idan mota tana tafiya a hankali ko tana ja da baya, da ƙaramar kyamara ta baya. Ya ɗaura wa motar Auta, daga baya mai gidan burodin ya ce a ɗaura wa sauran duka.

Ranar sallama, matarsa ta ce a kira tasi. Yaya ta ce a'a, a motar burodin za ta koma, ba ta taɓa shigarta ba. Ma'aikatan jinya suka ɗaga ta suka zaunar a gaba, aka tokare ta da matasai, aka sa keken guragu a baya inda ake jera burodi. Auta ya riƙe sitiyari. Da ya fara ja da baya na'urar ta ɗauki kuka.

"Muryar ba daɗi," in ji Yaya. "Amma ana ji."

Suka hau titi, ƙarar ta ɗauke, sai sautin taya kawai. Yaya ta ce a sauke mata gilashi. Ta karkata kai tana saurare.

"Nan bakin kasuwa ne, ga masu nama suna sara. Yanzu mun zo makaranta, an tashi yara. Rage gudu." Ya rage. "Ikon Allah. A mota ban taɓa sanin inda nake ba, sai dai a ce mini mun iso."

Ta yi ta faɗa masa wuraren ɗaya bayan ɗaya, sau ɗaya kawai ta yi kuskure, ta kira wurin wankin mota famfon unguwa, matarsa da ke zaune a baya ta gyara mata, suka ɗan yi gardama.

Yaya ba ta sake tafiya da ƙafarta ba sai 'yan taku a cikin ɗaki, tana dafa bango. Auta ya koma aiki a makon da ya biyo. Ya roƙi a rage masa zagayen yamma, aka rage, don ya riƙa dawowa da wuri yana tura ta a keke zuwa wurin gashin ƙashi.