Masu Tsallake Komadugu

A shekarar 1955 aka turo Mushe Grema (haka ake ce wa malamin boko a wajen) zuwa Diffa ya koyar da yara a wata lakwal, wato makarantar boko, ta zana. Da can malami ne a kwalejin horar da malamai da ke yamma, har ya yi wani rubutu kan yadda ake karɓe wa talakawa gero, abin bai yi wa manya daɗi ba. Tun daga nan ba ya fita garin sai da izinin kwamandan, Baturen da ke mulkin yankin.

Da damina ta faɗi, tsohon ɗalibinsa Ajimi, ɗan Lawan Modu mai riƙe da ƙauyukan bakin kogi, ya dawo hutu. Kwaleji ta ba shi aikin maƙala kan wani al'amari na zaman mutanen garinsu, tare da hujja. Ya zaɓi manoman tattasai da ke barin gonakinsu suna tsallake kogin Komadugu zuwa ƙasar Ingilishi. Ya rubuta, ya kawo wa malaminsa.

Mushe Grema ya karanta a ƙarƙashin tsamiya, ya ɗago kai.

"Ka ce kwaɗayin kasuwar tsallake ke jan su. Wa ya gaya maka?"

"Kowa ya san haka, Mushe."

"Ni ban san Kowa ba. Mutum nawa ka zauna da su? Je ka tambayi masu gona, ka ga abu da idonka. Sannan ka nemo wanda zai ƙaryata ka, ka saurare shi."

Washegari Ajimi ya bi bakin kogi wajen ƙauyen Gagamari. Lokacin dashe ne, ruwa ya iso, amma gona bayan gona ba maza, sai mata suna fama da jigo, irin tattasai yana yaushi a kwando. Ya tambayi wata mata mai suna Kellu ina maigidanta. Ta dube shi, ta gane ɗan wane ne, ta nuna gabas da haɓa, ta ci gaba da jan ruwa.

Ya bi inda ta nuna. A babbar gonar mahaifinsa ya sami mazan, sun duƙa a jere cikin laka, wani bawan gidan Lawan Modu yana tsaye a kansu. Duk suka gaishe shi da ladabi. Ya juya ya koma gida.

Bayan la'asar ya sami mahaifinsa a zaure.

"Baba, idan suna gonarmu lokacin dashe, yaushe za su dasa nasu?"

Lawan Modu ya amsa yana jan carbi. "Kana tsammani ni nake cin abin da ke gonar nan? Duk shekara ana aiko mini in ciyar da masu aikin hanya da masu gadi da baƙin kwamandan. In na ce babu, a tuɓe ni a naɗa wanda ya fi ni zafin hannu. Kai ma a kore ka daga karatun. Ka rubuta wannan, in za ka iya."

Ajimi ya koma wurin malaminsa ya zayyana masa duka.

"Yanzu ka sami hujja," in ji Mushe Grema. "Ka ga manoma, ka ji mahaifinka. Amma maganar ba ta tsaya a kansa ba. Sai ka bi ta har inda ta fito."

"In na tsaya a kan Baba, na zalunce shi. In na wuce shi, daraktan kwaleji ne zai karanta, kuma bakinsu ɗaya da kwamandan. To yaya zan yi, Mushe?"

Malamin ya dubi kogi, inda wani kwalekwale ke tsallakewa da mutum da matarsa da tukwanensu.

"Na koya maka yadda ake gano gaskiyar magana," ya ce a hankali. "Inda za ka kai ta, ban sani ba. Ni da na kai tawa, ga ni nan."

Duk da haka suka zauna suka rubuta sabuwar maƙala tare, hujja bayan hujja, malamin yana soke duk jimlar da ba ta da madogara. Ajimi bai taɓa yin rubutu mai kyau kamarta ba. Da hutu ya ƙare, ya bar ta a hannun Mushe Grema, ya hau raƙumin fatake zuwa garin Maine, a kan hanyarsa ta komawa kwaleji, da maƙalarsa ta farko a jaka.

Kafin sanyi ya shigo labari ya iso Diffa cewa darakta ya yaba wa maƙalar Ajimi, har an karanta ta a gaban ɗalibai. Lawan Modu ya yanka rago, ya aika wa malamin da cinya. A wannan makon ne Kellu da mijinta suka kwance jigonsu suka tsallake.