Murhun Tahirou Ya Ƙi Shiga

Kwana biyar suka yi babu wutar lantarki a gidansu na McLeansville, lokacin da ƙanƙara ta tsittsinka wayoyi a Disambar 2002. Ranar da wuta ta dawo, Tahirou ya rantse sanyi ba zai sake yi masa haka ba. Bayan sati guda sai ga shi da Daouda, abokin aikinsa a wani sito da ke Wendover, suna nishi suna turo wani baƙin murhun ƙarfe cikin falo.

Matarsa Tchima ta leƙo daga kicin.

"Maigida, wannan kuma fa?"

"Murhun itace. A can zai zauna." Ya nuna ramin hura wuta da ke jikin bango, wanda tun da suka tare ba su taɓa kunna shi ba.

"Na baro hura itace a Tessaoua, shi ne za ka biyo ni da shi har Amurka?"

Daouda ya yi dariya. "Hajiya, kwantar da hankalinki. Kafin la'asar mun gama."

Murhu ya ƙi shiga. Ya ɗara bakin ramin da kamar yatsa biyu. Suka kwance masa ƙafafu, suka tura da ƙarfi, ya shiga a karkace, ya ɓalle bulo ɗaya, ya yage kafet. Suka cusa guntun bututu sama, Tahirou ya yi bisimilla ya ƙyasta ashana.

Hayaƙin bai hau ba. Falo ya dawo, ya cika shi fal. Na'urar gobara ta kama ihu, Tchima na tari tana bubbuɗe tagogi, sanyin da ake gudu yana kwararowa ciki. Daouda ya jingina tsani ya hau rufi.

"Tahirou! Bututun hayaƙin a toshe yake! Masu gidan na da sun lafta masa siminti!"

Tchima ta share hawayen hayaƙi. "Wato ba ku duba ba kuka kunna?"



Washegari Tahirou ya kira wani dattijon Bature mai gyaran bututun hayaƙi. Mutumin ya ce a fito da murhun, sai an fasa simintin an zura bututun ƙarfe tun daga sama har ƙasa. Amma kowa nemansa yake tun bayan ƙanƙarar, ba shi da rana sai ƙarshen Maris.

Haka murhu ya zauna a tsakiyar falo wata uku. Kullum sai Tchima ta buge ƙwauri da shi. Sau uku ta wanke labule, ƙaurin hayaƙi bai fita ba. A wajen wani suna, wata ƙawarta ta sansana mayafinta ta tambaye ta ko ta fara sana'ar bandar kifi ne.

Ranar da dattijon ya gama aikin, gari ya yi ɗumi, har maƙwabta sun fito yankan ciyawa. Duk da haka Tahirou ya jera itace ya kunna. Wuta ta kama tsaf, hayaƙi ya hau sama. Ya zauna gabanta da singileti, gumi na tsiyaya daga gemunsa.

"Kin gani ko? Zo ki ji ɗumi."

Tchima ta ɗauki kujerarta da mafici ta nufi baranda.

"Idan ka dahu, ka kira ni."