Ɗan Fasto a Bakin Kwata

Auta, ƙaramin ɗan Fasto, ya daɗe da daina shan giya. Garejinsa na gyaran mota ya kafu, har yana neman auren wata malamar makaranta. Ranar Lahadin da iyayenta suka zo majami'a don su ga gidan da 'yarsu za ta shiga, tun da safe ya roƙi mahaifinsa.

"Baba, don Allah yau kada ku ba da labarina."

Fasto yana gyara kwalar rigarsa a madubi, ya ce, "Ruhu ne ke bi da bakina, ba ni ba."

Wa'azi ya yi nisa, sai Auta ya ji muryar mahaifinsa ta sauka ƙasa-ƙasa, irin saukar da ya sani. 

"Ni da kaina na tsinci ɗana a bakin kwata, kare yana lasar fuskarsa!"

Mata suka ɗauki "Wayyo Yesu!" A gaskiya babu wani kare. A kan benci aka same shi, ƙofar shagon mai walda. Bara aka ƙara kwata, bana ga kare.

"Auta, tashi su ga aikin Ubangiji!"

Bai tashi ba. Yana kallo uban yarinyar ya ɗauki hularsa, ya taɓa kafaɗar matarsa, suka fice tun kafin waƙar rufewa.

Da aka tashi, Auta ya banka ƙofar ƙaramin ɗakin da ke bayan mimbari. Fasto yana shan ruwa, dattawa biyu suna yaba masa.

"Wane kare, Baba? Baƙi ne ko fari?"

"Kai, da ubanka kake magana!" in ji wani dattijo.

"Shi nake nema, ai. Tun da na tuba ban gan shi ba, Fasto kawai nake gani. Kowa a garin nan ya yi kuskure an yafe masa an manta. Ni kuwa kowace Lahadi sai an mayar da ni kwata an sake tsamo ni. Mai kawo mini mota sai ya sunsuni bakina kafin ya ba ni makulli!"

Fasto ya ajiye kofin. "Labarinka ya ceci rayuka, ɗana."

"To ku ba da naku! Ko ku ba ku taɓa faɗuwa ba?"

 Mama, wadda ta biyo Auta tana haki, ta tsaya a bakin ƙofa. Kowa ya zaci za ta ja ɗanta waje.

"Na sha gaya maka, Baban yara," ta ce. "Kana yanka naman ɗanka kana raba wa jama'a, suna tafi."

Auta ya kwashe kayansa ya koma kwana a gareji. Iyayen yarinyar suka aiko cewa a dakata tukuna. Ita ce ta zo da kanta, ta same shi a ƙarƙashin wata tsohuwar mota, ta ce ba ta fasa ba, amma ba za a ɗaura a majami'ar mahaifinsa ba.

Lahadin da ta biyo, Fasto ya yi wa'azi gajere, yana ta inda-inda, mutane suka fita suna cewa yau dai babu armashi. Da yamma ya zo gareji, ya tsaya nesa da baƙin mai don kada ya ɓata takalminsa.

"Na bar karen," ya ce.

Auta bai ɗago daga injin ba. "Saura ni."