Katifar Mama a Ɗakin Lasifika

Mai Kunne yana durƙushe bayan lasifika yana goge bakin wata waya da auduga, sai matarsa ta turo ƙofa.

"Daga asibiti aka kira. Yau za su sallami Mama."

"Jibi dai," ya ce, bai ko ɗago ba.

"Yau. Likita ya ce aikin ƙugun ya yi kyau, amma kada ta kuskura ta taka bene sai ta warke sarai. To ranka ya daɗe, ɗaki nawa gare mu a ƙasa?"

Ɗaki ɗaya ne, kuma a cikinsa suke.

Abokansa ne suka laƙaba masa Mai Kunne, shi kuma ya karɓi sunan hannu bibbiyu. A ofishin inshorar da yake aiki ba wanda ya san da zamansa, amma a ɗakin nan shi ke yanke hukunci. Lasifika biyu ne a tsaye, kowacce ta fi autarsa tsawo. Ga amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, mai kwalabe, da sai an bar ta ta yi zafi kafin ta yarda ta yi magana. Ga wayoyi masu kaurin tiyon ban ruwa. Ga kuma sabon akwatin da ya iso makon nan, wanda ke karɓar waƙa daga kwamfuta ya mayar da ita sauti. Waƙoƙin nasa ma ba irin na wayar kowa ba ne, guda ɗaya takan fi fim nauyi, domin ba a matse ta ba, ba a rage mata komai ba. Ya sha rantsuwa cewa yana jin lokacin da mawaƙiya ke haɗiye yawu. Matarsa takan ce lallai baiwa ce, mutum ya ji yawun wata a cikin akwati amma bai ji famfon kicin da ke ɗiga a gidansa ba.

Kujera ɗaya ce tak a ɗakin. In zai saurara, sai an kashe firij, an kashe fanka, yara su koma tafiya da yatsun ƙafa.

"A falo fa?" ya ce.

"Falon da ba ƙofa, ba banɗaki kusa? Tsohuwa mai ɗinki a jiki?"

"To a riƙa ɗaukar ta zuwa sama."

"Kai za ka riƙa goya ta? Da wannan bayan naka da buhun shinkafa ya kwantar?"

Ya ci gaba da goge wayarsa. Abin da ke cin sa, yau da yamma abokansa Lauya da Likitan Haƙori za su zo jin sabon akwatin. Su ukun nan suke haɗuwa su rufe ido su yi ta kaɗa kai, daga baya kowa ya kushe kayan ɗan'uwansa cikin ladabi.

A asibiti ya tarar da yayarsa ta gama haɗa kaya. Mama na zaune a keken marasa lafiya, ta rame, jakarta a cinya. Ya gaishe ta, ya karɓi takardar magani, ya tura keken har bakin mota. A nan Yaya ta jawo shi gefe.

"Na ga fuskarka tun daga nesa. In zaman Mama zai takura wa lasifikunka, faɗa min. Gidana da nisa da asibiti, amma ba zan rasa inda zan sa uwata ba."

"Haba Yaya, wace irin magana ce wannan? Mu dai je, a ga yadda za a yi."

"A ga yadda za a yi," ta maimaita, ta buɗe wa Mama ƙofa.

Kafin rana ta yi tsaka ɗakin ya koma wani abu dabam. An sauko da gado daga sama, an ɗora katifa mai kauri, an jibga barguna da matasai. Jakunkunan tufafin Mama suka cika kusurwa. Ta ce haske na damun idonta, matarsa ta rataya labule mai nauyi a taga. Abu ɗaya ya kafe a kai, ba za a taɓa lasifika ba. Aka bar su tsaye a ƙarshen gadon kamar masu gadi.

Ya fita ɗauko ruwa, da ya dawo ya ga kofin shayi a kan amfilifaya.

"Wannan murhun naka da kyau yake," in ji Mama. "Ba hayaƙi, kuma shayi ba ya hucewa."

Ya ɗauke kofin da hannu biyu, yana murmushin da ya fi kuka ciwo.

Cikin hidimar ya manta bai kira abokansa ba. Sai jin sallama ya yi. Lauya ya shigo da tumbinsa a gaba, Likitan Haƙori na biye, suka yi turus da ganin gado. Suka rusuna suka gai da Mama, suka yi mata ya jiki, suka fara ja da baya.

"Ina za ku?" ta ce. "Ku zauna. Kai kuma kunna min abin nan, in ji abin da ya cinye min kan ɗa."

Matarsa ta je ta kashe firij, ta tabbatar kowa ya ji ƙarar tsakin da ta ja a hanya. Mai Kunne ya zauna a kujerarsa, ya danna waƙar da suka saba gwaji da ita, muryar mace da garaya da ɗan ƙaramin ganga.

Sai gashin jikinsa ya tashi.

Mawaƙiyar tana nan a ɗakin, tsakanin lasifikun, har kana iya nuna inda bakinta yake. Gangan da kullum yake kumbura ya cika ɗaki da gurnani, yau ya tsaya cak a wurinsa, kowane bugu da gefensa. Ya ji yatsa na zamewa a kan tsirkiya. Ya ji wani ya motsa ƙafa can bayan mawaƙiyar, abin da bai taɓa ji ba duk yawan sauraron da ya yi wa waƙar nan. Lauya ya rufe ido, bakinsa a buɗe. Waƙar ta ƙare. Mama kuwa idonta a rufe, numfashinta a hankali.

"Sabon akwatin ne," Mai Kunne ya raɗa.

Likitan Haƙori ya girgiza kai. Ya tafa hannu sau ɗaya a hankali, ya kasa kunne. "Ba akwati ba ne, malam. Ji, amsa-kuwwar ɗakinka ta mutu. Tuntuni nake son gaya maka ɗakin nan kamar banɗaki yake, kunya ta hana ni. Katifar nan ce, da bargunan, da labulen, da jakunkunan da ke kusurwa. Su suka shanye gurnanin."

"Har da ita Mama," in ji Lauya da murya ƙasa-ƙasa. "Jikin mutum na shanye sauti sosai. Kuma dubi inda take kwance, daidai inda sautin ke dukan bango ya dawo."

Mai Kunne ya dubi uwarsa yadda bai dube ta ba tun safe, da nutsuwa, daga kai har ƙafa.

"Da za a tura gadon ya ƙara matsawa bango kaɗan…" ya ce.

Su uku suka kama, suka tura shi da ita a kai, a hankali kamar masu ɗaukar ƙwai. Suka sake sa waƙar. Lauya har da share ƙwalla.

Ana cikin haka Yaya ta dawo daga kantin magani da leda a hannu. Ta dubi ƙartin maza uku da suka zagaye mara lafiya da kiɗa, ta ajiye ledar.

"Na yi magana da maigidana. Ya kwashe kayan ɗakin yara. Gobe da safe zan zo in tafi da ita, ka huta."

Mai Kunne ya miƙe zumbur. "Wallahi ba inda Mama za ta! Ina raye, ina da gida, a ce uwata ta fita daga ɗakin nan? Ko ta warke ma nan za ta zauna. Gadon nan ba mai motsa shi."

Yaya ta tsaya tana kallonsa, idonta ya kawo ruwa. "Ƙanena, ka yafe min. Na yi maka mummunan zato."

Matarsa na jingine da ƙofa, hannu a harɗe. "Ai Yaya, ba ki san irin son da yake wa Mama ba. Yau ma ya gano shi."

Baƙin suka ga iska ta fara canzawa, suka yi sallama. Yaya ta shiga kicin da matar gidan. Ɗakin ya rage daga shi sai Mama, sai kwalaben amfilifaya da ke ci.

"Zo nan," ta ce. Idonta a buɗe yake tar.

Ya matso.

"Kunnena ba mai tsada ba ne kamar naka, amma yana aiki. Na ji mai tumbin, na ji mai tafin. Gobe zan bi yayarka. Katifar da bargunan na bar maka, labulen ma ka riƙe. Inda nake kwance kuwa, ka cika buhu da yashi ka ɗora, ba ya tari, ba ya neman banɗaki."

"Mama, wallahi ba haka ba ne."

Kunnen nasa mai jin komai ya ji yadda maganar ta fito, sirara, ba nauyi a ƙasanta. Ita ma ta ji. Ta juya fuskarta bango.

Ya daɗe a tsaye. Daga kicin ya ji firij ya tashi, an kunna ba a nemi izininsa ba, ya ji Yaya na dariya tana ba da labarin yadda ƙanenta ya ba ta kunya. Ya miƙa hannu ya kashe amfilifayar. Bai koma kujerarsa ba. Ya zauna a ƙasa gefen gadon, ya ɗora hannu a kan ƙafarta ta saman bargo, ya ji ƙashin ya fito fiye da yadda ya sani.

"Mama, ya ƙugun? Yana miki ciwo?"

Har ya ɗauka barci ya kwashe ta da gaske. Ba ta janye ƙafar ba.

"Yana yi," ta ce. "Tashi daga nan, ka tare wa lasifika hanya."