Ranar da Clifford Ya Kira Sunan Yayansa

Shekara talatin da ɗaya Clifford yana cewa baɗi zai je gida. Tun da aka rufe mahaƙar zinariya, inda shi da yayansa suke shiga rami tare, ya gangara kudu zuwa Adelaide neman aiki, birni kuma ya riƙe shi. Ko sallama bai yi wa yayan ba. Kewarsa ba ta taɓa sakinsa ba, amma mutumin naku akwai jan ƙafa.

Bana dai ya hau mota. Kwana da yini ana tafiya, jar ƙasa hagu da dama, shi kuwa yana ta shirya abin da zai faɗa. Da tsiya zai fara, ya ce tsoho, har yanzu kana tsoron duhun rami? Daga baya sai ya nemi gafara.

Ya sauka da hantsi. Tsohon ƙarfen da yake saukar da su rami yana nan tsaye, ya yi tsatsa, baƙi na ɗaukar hoto a gindinsa. A bakin kanti ya tambayi wasu maza inda yayansa yake zaune, ya faɗi sunansa cikakke. Suka sunkuyar da kai, ɗaya ma ya tashi ya bar wurin. Ya tambayi wata mata, ta toshe kunne ta wuce. Ransa ya ɓaci. Wato fushi ake da shi har an hana a kula shi? To ai da ƙafarsa ya zo. Ya nufi unguwarsu ta bayan gari, yana tafe yana ƙwala kiran sunan tsakanin gidaje, yadda yake yi suna yara.

Gwaggonsa Nakamarra ce ta dakatar da shi. Tana zaune a ƙasa tana gasa jelar kangaru cikin toka, ta tsufa tukuf, fuskarta shafe da farar ƙasa. Ta ƙare masa kallo, ta ce birni ya ba shi tumbi ya karɓe masa hankali. Ta nuna masa ƙasa, ya zauna.

"Ɗana, rufe bakinka haka nan. Ba a kiran sunan nan yanzu. Kumanjayi ake cewa a madadinsa."

Sai a lokacin ya gane: farar ƙasar ta makoki ce. Ya sani sarai, tun yana ƙarami ya sani: wanda ya rasu ba a ambaton sunansa, don kada a dame shi ya kasa tafiya. Shi kuwa ga shi ya karaɗe gari da sunan.

"Yaushe, Gwaggo?"

"Sati uku ke nan."

Ta miƙa masa shayi a gwangwani. Ta ce an yi wa gidan mamacin hayaƙi bisa al'ada, kowa ya tashi daga ciki, kada ma ya leƙa. Clifford ya riƙe gwangwanin ya kasa sha. Sunan ya zo masa har kan harshe, ya haɗiye shi da ƙyar.

"Kumanjayi ya taɓa yin zancena?"

Gwaggo ta juya naman cikin toka.

"Zance dai bai yi ba. Amma duk ranar da mota ta zo daga kudu, sai ya je tasha."