Ranar da Mimun Ya Hau Dutse da Kifi

Mimun ya fi shekara arba'in yana kamun kifin turut a rafin da ya gangaro ta bayan garinsu, can cikin duwatsun Atlas. Ya san duk lungun da kifin ke laɓewa, ya san dutsen da ke da santsi da wanda zai ɗauki nauyin mutum. Amininsa Haddu kuwa mutumin tafki ne, kifin bas mai ƙaton baki yake kamawa, kuma tun suna samari suke yi wa juna tsiya a kan haka.

A shekarar da dusar ƙanƙara ta yi ƙaranci, aikin gonar tuffa ya riƙe Mimun har sati uku bai leƙa rafin ba. Ranar da ya samu zuwa, da hantsi, sai ya tsaya da sandar fatsa a hannu ya kasa gaba ya kasa baya. Ruwa ya tsinke. Duwatsun da bai taɓa ganin gindinsu ba ga su nan fari fat a rana. Abin da ya rage ɗan kududdufi ne a ƙarƙashin wata bishiyar gyaɗar dutse, a cikinsa kuma turut ne a cunkushe, suna ɗago baki sama, jajayen ɗigon jikinsu sun dusashe. Ya tsoma hannu ya ji ruwan da ɗumi.

Yana nan tsugune sai ga Haddu a kan alfadarinsa, ya taso daga tafki.

"Kai tsoho, yau kuma da hannu ake yi?" in ji Haddu. "Kwashe abinka, Allah Ya hutar da kai. Ka ce wa matarka Itto ta ɗora tukunya."

"Sauko ka ba ni bokitanka."

"Da kifina a ciki?"

"Zuba su a buhu. Naka ai ko a kan titi ka ajiye su sai su kwana suna numfashi."

Haddu ya buɗe baki zai rama, ya dubi fuskar abokinsa, sai ya sauko. Suka kwashe kifin da rawanin Mimun, guda goma sha ɗaya, suka raba su bokiti biyu, suka rataya wa alfadari. Idon ruwan da rafin ke fitowa yana can sama, tafiyar awa guda a kan hanyar awaki. Ruwa na ta fallatsa, alfadari na tirjewa, Haddu na haki yana tsine wa ranar da ya san Mimun. Sau biyu suna tsayawa Mimun ya kaɗa ruwan da hannu don ya sha iska.

Da suka isa, huɗu sun riga sun juya ciki sama. Sauran bakwai Mimun ya sake su ɗaya bayan ɗaya cikin ruwan da sanyinsa ke kama ƙashi. Na ƙarshen ya daɗe kwance a tafin hannunsa kafin ya kaɗa wutsiya ya shige ƙarƙashin dutse.

A hanyar saukowa iska ta kawo musu ƙarar injunan ban-ruwa da ke zuƙar rafin, can daga kwari. Mimun ya san muryar nasa a cikinsu, domin yana da wani tari da yake yi.

"Wancan mai tarin ba naka ba ne?" Haddu ya tambaya, ba da wasa ba a wannan karon.

"Nawa ne."

Da suka sauko suka rabu.

A gida Mimun ya tarar da matarsa Itto tana fitar da burodi daga tanda. Ya ba ta labari duka, sannan ya ce yana so ya riƙa kashe injin, yau a kunna gobe a huta.

"Baban Yidir, injuna nawa ne a kwarin nan?" in ji ta.

"Sun kai talatin."

"To naka ɗaya ne zai dawo da rafi?"

"Ba zai dawo da shi ba. Amma ni na riƙe kifin nan a hannuna, na ji yadda yake."

Itto ta juya burodin. Can ta ce, "Tuffar za ta ƙanƙance. Kada ka zo kana yi mini ƙorafi ranar kasuwa."

Haka kuwa aka yi. Tuffarsa ta fito ƙanana, dillalai suka yi ta yamutsa fuska. A wurin shan shayi wasu suka ce tsufa ne ya fara taɓa shi. Maƙwabcinsa ɗaya ya bi sahunsa na sati biyu, ya gaji ya koma. Rafin bai haɗe ba sai da ruwan kaka ya sauka.

Da bazara, ranar da aka buɗe kamun kifi, Mimun ya hau can sama shi kaɗai. Ya ga inuwar turut biyu suna tsaye a bakin igiyar ruwa. Ko nasa ne, ko waɗanda dama suke wurin, ba shi da hanyar sani. Ya zauna ya ci burodinsa da zaitun yana kallonsu, har gajimare ya taso daga yamma, ya tashi ya kama hanya kafin ruwa ya tare shi.